Gonar Inna ta Bakin Gulbi

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ni dai ban ji daɗinta ba, kuma jikana ne sila. Yaron nan ya gama karatunsa na boko lafiya lau, muna cewa ga ma'aikaci Allah ya kawo mana, sai ya dawo Talata Mafara da wando kamar buhun gero da wani abu toshe a kunnuwa, wai shi mawaƙin hip hop ne. Na ce mene ne kuma haka? Ya ce gambarar zamani. Na ce to madalla, gidan da aka sani da allo da tawada tun kaka da kakanni yau ya fitar da ɗan gambara. A zamaninmu in 'yan gambara suka shigo kasuwa, dattijon kirki naɗe buzunsa yake ya bar musu wurin, don kada bakinsu ya faɗa kansa. Yanzu ga nawa a cikin gida, yana cin tuwona, yana zuba magana kamar dillalin awaki ranar Talata, yana yarfa hannu, wai waƙa yake yi. Da nan abin ya tsaya da na haƙura, kowane zamani da irin haukansa. Amma sai ya sa hannu a kan wata waƙa da ni kaɗai na rage da ita a duniya, wadda kuma akwai haƙƙin wata baiwar Allah a cikinta da ya fi shekara arba'in yana wuyana.

Garin da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwa yanzu, can ƙasar Maradun, tun da aka datse gulbi. In na ce wa yaran yau gari, sai su zaci wurin da ake cajin waya. Mu garinmu da kunne ake gane shi. Kafin gari ya waye sarai za ka ji jigo yana kuka a lambuna, ƙiii, ƙiii, sai guga ya zube a kwalbatin laka. Za ka ji luguden mata daga gida zuwa gida, wannan ta jefa taɓarya ta tafa, ta makwabta ta amsa mata. Da hantsi Fulanin wajen Damaga su shigo da ƙoren nono a ka, suna kiran masu saye da muryar nan tasu mai ja. In shinkafa ta fara nuna kuwa babu yaron da ke da hutu, kowa yana kan rumfar tsaro da igiya da gwangwanaye, muna korar tsuntsayen jan-baki har murya ta dushe. Ba na cewa babu wahala. Sauro ya ci mu, ƙaya ta ci mu, kurkunu ya kwantar da rabin gari da damina. Amma mutum ya san inda ƙafarsa take. Yau kuwa in na zauna ƙofar gida ba na jin komai sai janareto da babura da wayar kowa tana nata kukan.

Fadamarmu tana da wani hali. Kowace damina gulbi kan cika ya malale ta, in ya janye sai ka tarar ya share iyakoki, ya tuge ciyawar gamba da aka dasa tsakanin gona da gona, ya shimfiɗa sabon laka fes kamar an yi daɓe. Babu takarda, babu dutsen siminti. Abin da muke da shi waƙa ce. Da ruwa ya janye, ranar gayyar farko, makaɗin garinmu zai rataya gangar noma ya shiga gaba, magidanta na biye da galma a kafaɗa. Zai fara daga tudu ya gangara har bakin gulbi, yana tafiya yana kiran kowace gona da sunanta da sunan mai ita da wanda suka yi iyaka, bi da bi, ba ya tsallake ko ɗaya:

Daga Kuka-biyu munka taso,
Gonar Maidamma ɗan Alu,
Gamba ta raba ku da Ɗan Ige,
Kowa shi tsaya ga nashi.

Jama'a su amsa, kowa shi tsaya ga nashi, mai gona ya sara galma a wurin, a wuce gaba. In rigima ta tashi daga baya, mai gari ba ya wahalar da kansa, cewa yake a kira waƙa. Kuma makaɗi kaɗai ke da bakin kiran sunan kowa gatsal. Dattijon da ko matarsa ba ta faɗin sunansa, ɗan fari, tsohuwar da duk gari ke ce wa Inna ko Gwaggo, ranar nan za ka ji sunansu na yanka a bainar jama'a, babu mai jin haushi.

Ni ɗan liman ne, ban da haɗi da ganga. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa kama ni ina buga cinya ina bin amshi, ya sa na wanke alluna har hannuna ya yi fari. "Ɗan malam ba shi bin makaɗa," in ji shi, bai ƙara ba. Amma kunne ba shi da marfi. Shekara da shekaru ina bin gayya da galmata kamar kowane saurayi, bakina a rufe, waƙar tana shiga. Har ta kai in makaɗin ya yi tuntuɓe a wani baiti, ni yake waiwaya ya kalla, in motsa masa leɓe. Duk gari an sani, ana dai yi wa liman kara. Can ƙarshen waƙar, inda fadama ta taɓa ruwa, akwai wata gona da ake kira Gurbin Kada. Mai ita wata gwauruwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, gonar kuma gadon ubanta ce. Inna ta Bakin Gulbi muke ce mata, babba da yaro. Ita ke noman albasarta da kanta, zane ɗaure a ƙugu. In muna tsaron tsuntsu ta kan kira mu ta ba mu dafaffen dankali da ƙuli, ta haɗa da faɗa, don ba ta ba da abu babu faɗa.

Ina ɗan shekara ashirin da wani abu masu awon ƙasa suka zo, ana shirin datse gulbi. Suka zauna gindin durumi ƙofar gidan mai gari da teburi, suna rubuta sunan duk mai gona don a ba shi wani fili a inda za a mai da mu. Makaɗinmu ya rasu da ranin da ya wuce, ɗansa kuma ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba. Kowane magidanci ya tashi ya faɗi tasa. Da aka zo Gurbin Kada, wani makwabcin Inna, wanda ba zan ambata ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, ya ce ai wannan cikin tasa take, aro ya ba ta. Mace ba ta shiga taron maza. Inna tana tsaye can jikin zana, ta ɗaga murya ta ce ƙarya ne, a kira waƙa. Mai gari ya duba hagu ya duba dama ya ce, "Akwai wanda ya riƙe waƙar?" Wallahi ido ya fi ɗari ya juyo kaina. Baitin yana kan harshena, ina jin gangarsa a ƙirjina. Ga mahaifina zaune kan buzu, carbi a hannu, ko kallona bai yi ba. Na ce a raina, ni ɗan liman, in tashi gaban ubana da baƙi masu takalma in rera waƙar makaɗa, in kira sunan tsohuwa gatsal? Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da tsinke. Mai rubutu ya duba agogo ya ce a wuce na gaba.

Bayan la'asar mahaifina ya kira ni zaure. Na zaci zai sa mini albarka ne don ban kunyata shi ba. Ya ce, "An ce mini ka san baitin gonar matar nan." Na ce na sani. Sai ya ce, "Kiɗi na hana ka. Yaushe na hana ka shaida? Ka karanta abin da anka ce game da mai ɓoye ta, ko ba ka kai nan ba?" Washegari da sassafe muka je ni da shi, aka ce masu awo sun tashi, takarda ta tafi. Abin da ya biyo baya a ƙasar nan kan maganar gonaki, waɗanda suka gani sun sani, ba shi na zauna faɗi ba. Inna dai ba ta sami ko taki ɗaya ba. Ta ɗaure kayanta ta bi wasu danginta wajen Bakura, can ta rasu. Ranar da za ta tafi mun haɗu a hanyar rijiya. Ba ta zage ni ba, ita da ke faɗa a kan ƙuli. Gaishe ni ta yi, ta tambayi gida, ta wuce.

Daga ranar har na tsufa ban taɓa rera waƙar nan a gaban mutum ba. Sai dai in ina ɓarar gyaɗa ko ina gyaran igiyar akuya, ta kan kuɓuce mini ƙasa-ƙasa, baiti nan baiti can. Ashe ja'irin jikan nan nawa ya daɗe yana laɓe yana naɗe ni a waya. Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya zo ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo irin wadda ba ya yi sai yana son wani abu, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafa, har awaki ya tambaya. Sannan ya danna waya. Sai ga wani kiɗa, dum, dum, kamar ana dukan ƙofar langa-langa, sai ga muryata a kai, an yanka ta gunduwa-gunduwa. Na ji Kuka-biyu, sai na ji Fadamar Giginya, sai aka komo Kuka-biyu har sau uku, sai ga Ɗan Ige ya yi iyaka da mutumin da tsakaninsu akwai gona goma.

Na ce, "Kai, wa ya ɗauke gonar Ɗan Ige ya kai ta gindin giginya?"

Ya ce, "Kaka, nan ta fi zama da kiɗan. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza."

"Rawa nika yi maka? Iyakar mutane ce kake jujjuyawa kamar waina. Da a garinmu ne, da yanzu an fasa kan wani."

"To Kaka, gonakin ga duk suna ƙarƙashin ruwa. Wa za ya yi rigima, kifi?"

Na ɗauki sandata, ya ja da baya yana dariya, don ya san tsakanin kaka da jika sanda ba ta sauka. Amma ni ba wasa nake ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har tuwo ban ci ba.

Sai daga baya ya yi mini bayanin abin da ya kai shi. Wai sun haɗu ta waya da samari da 'yan mata masu irin gambararsa daga ƙasashe nesa, kuma duk abu ɗaya ya haɗa su: kakanninsu ne 'yan asalin wuri, aka zo aka ture su. Wasu an sare musu daji, wasu an haƙa ma'adini a maƙabartarsu, wasu harshensu ya rage a bakin tsofaffi kawai. Har da wasu can ƙasar ƙanƙara da wai barewa suke kiwo kamar shanu, aka tare musu hanyar kiwo. Na ce ashe su ma an cinye musu burtali. Sun shirya kowa ya kawo waƙar tsofaffinsa a ɗora kan kiɗa ɗaya, su yaran su yi tasu maganar a tsakani. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ban da ni, ni mutum ne da ake ba sahun gaba a masallaci. Bai daddara ba. Wata la'asar ya kawo wayar ya dasa mini a fuska, wai in gaisa da kakar abokinsa. Can wurinsu hantsi ne. Wata tsohuwa ce tukuf, kitso biyu fari fat, lulluɓe da bargo. Jikanta yana mayar da maganarta Turanci, nawa yana mayar mini Hausa. Su ma ruwa aka sako wa kwarinsu. Ba ta jira an roƙe ta ba ta kama waƙa, sunayen duwatsu da ƙoramu ne, ɗaya bayan ɗaya. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na gane tafiya take yi, har na ji inda ta yi kwana. Da ta gama ta ce ranar da ma'aikata suka zo musu, gabansu ta tsaya ta rera ta har suka janye ta da ƙarfi. Sai ta ce a tambaye ni, ni fa, na rera tawa ranar da suka zo? Na ce wa jikana layin nan ba shi da kyau, ga shi kuma lokacin salla ya yi.

Kwana uku ina jin haushin matar nan, mutum yana zaman zamansa a tsokano shi daga bayan duniya. Rana ta huɗu na kira yaron na ce zan rera, amma da sharaɗi: daga farko har ƙarshe, bi da bi, in ya yanke ko gona ɗaya ban yafe ba. Ya ce waƙarsu minti uku ce. Na ce to su ƙara minti, fadama ba ta raguwa don agogonsu. Ya kai ni wani shago bayan tasha da suke kira sutudiyo, an manna katifa da kwalin ƙwai a bango, zafi kamar tanderu, aka zaunar da ni kan kujera aka rataya mini abu a kunne. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na ce su fitar da ni daga akurkin nan, waƙar nan ba a taɓa yin ta a zaune ba. Washegari da hantsi muka fita bakin hanyar ruwa ta bayan gari, shi da wani abokinsa na nan gari suna biye da na'ura, ni a gaba da sanda. Da ƙafa ta fara tafiya sai ga ta tana zuwa. Kuka-biyu, Tudun Kurciya, Lambun Rimi, Fadamar Giginya, kowa da makwabcinsa, mutanen da suka daɗe a ƙasa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Yaran suka kama amshi ba wanda ya koya musu. Masu ban-ruwa suka tsaya suna kallon Malam yana waƙa, ban kula su ba. Na gangara, na yi kwana wajen gulbi, na zo ƙarshe:

Gurbin Kada, bakin gulbi,
Gonar...

Na tsaya. Na koma baya gona uku na sake tahowa da gudu, na sake tsayawa nan. Abin da ke bayan sunan yana nan daram, mai albasa, gadon uba ne ba na miji ba. Sunan ne babu. Shekarun nan duka in ina ƙunƙunin waƙar, da na hango Gurbin Kada sai in tsallake, don ba na son haɗuwa da ita. Jikana ya zauna ya bi duk abin da ya naɗa a ɓoye, ko sau ɗaya ban taɓa faɗin baitin ba.

Muka hau mota muka je Bakura, muka ƙarasa da babur, muna tambaya gida gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, amma na je. Muka sami wata tsohuwa da ta zauna gida ɗaya da ita. Ta ce ƙwarai ta tuna ta, mace mai faɗa, mai kyauta, kullum tana zancen albasarta. Na ce sunanta fa? Ta ce, "Inna muka ce mata. Wa za ya kira sunan babba?" Na aika Dosara wurin wani sa'ana da muka yi gayya tare, aka dawo aka ce mini ko 'ya'yansa ba ya ganewa yanzu.

A hanyar dawowa jikana ya ce, cikin lallashi, "Kaka, ka sa kowane suna mana, Kulu ko Tumba, duk suna shiga kiɗan. Wa za ya sani?" Na ce masa na ɓoye shaida ina saurayi, ba zan rufe da shaidar zur ina tsoho ba. Da ya tashi haɗa waƙar bai yanke ko gona ɗaya ba, na yaba masa wannan. Da aka zo wurin, ya ɗauke kiɗan gaba ɗaya, ya bar ni ina magana da bakina kamar a gaban alƙali: nan gonar wata mata ce, tata ce, gadon ubanta, na sani tun ranar kuma na yi shiru, yanzu sunanta ya ɓace mini. Haka waƙar ta shiga duniya. Ya ce mutane a ƙasashen da ban san sunansu ba suna ta saurare suna aiko da saƙo, har tsohuwar nan mai bargo ta ce a gaishe ni. Na ce ina amsawa, amma ba saƙonsu nake nema ba.

Yanzu kullum in na dawo daga masallaci da safe, sai in zaga bayan gida inda ba mai ji, in fara daga gona uku kafin tata in taho a hankali. Na gwada Kulu, na gwada Tumba, na gwada Hassi da Ige da Mairi da duk sunan macen da na taɓa ji a ƙasar Maradun. Kowanne yana zama cikin waƙar daidai. Wataƙila ma na riga na faɗe shi na wuce, ban gane shi ba.